Darasi na 9: Talauci, Laburare da Jarrabawa a Karatun Yara

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son mai koyo ya iya:

1. bayyana hanyoyin da talauci ke bi ya taɓa karatun yaro;
2. fitar da matsakaicin maki, ya kuma gane abin da yake ɓoyewa;
3. faɗin dalilin da ya sa samun littafi ke ɗaga karatun ɗan talaka, da sharaɗin da ke tare da hakan;
4. bambance jarrabawar da ke taimakon yaro da wadda ke cinye masa lokacin karatu.

Shimfiɗa

Ranar da aka ba da hutu, yaro ya shigo gida da takardar sakamako. Tambayar farko da yake ji ita ce, "Na nawa ka zo?" In ya zo na uku, a sa masa albarka. In ya zo na arba'in, sai a ce ba ya ja, ko a ce malaman yanzu ba sa koyarwa. Da wuya a tsaya a tambayi abin da ya ci da safe a wannan zangon, ko kwana nawa ya yi fashi, ko littafi nawa ya taɓa riƙewa a hannunsa ban da na rubutu.

Waɗannan tambayoyin ne darasinmu na yau. Yawancin hujjojin za mu ɗauko su daga Amurka, domin can aka shafe shekaru kusan sittin ana auna wannan al'amari, can kuma aka gwada gyaran makarantu ta hanyar yawaita jarrabawa, aka ga inda abin ya tsaya. Za mu leƙa Fiji da Kenya ma.

1. Talauci

A 1966 gwamnatin Amurka ta fitar da rahoton wani babban bincike da masanin zamantakewa James Coleman ya jagoranta. An duba ɗalibai fiye da 600,000. Mutane da yawa sun zaci za a gano cewa ginin makaranta da kayan aikinta ne ke raba yara a wajen ƙoƙari. Sai rahoton ya nuna cewa halin gidan da yaro ya fito, wato abin hannun iyaye da iliminsu, ya fi waɗannan nauyi nesa ba kusa ba. An yi ta muhawara a kan rahoton, an sake bincike a ƙasashe da dama, amma wannan gaɓar ba ta rushe ba.

> Akwatin ma'ana
> Nasarar karatu: abin da yaro ya koya da gaske a makaranta, kamar iya karatu da fahimta, rubutu da lissafi. Maki alama ce kawai ta wannan abin.

A nan sai mu yi hattara, domin maganar tana da saurin karkacewa. Ba a ce ɗan talaka an haife shi da ƙaramar ƙwaƙwalwa ba. Basira baiwa ce ta Allah, ba ta duba aljihun uba. Abin da ake nufi shi ne talauci yana da hanyoyi sanannu da yake bi ya tare yaro. Yaron da ya fito ba kari, kafin ƙarfe goma hankalinsa ya koma kan cikinsa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da ƙarancin jini suna kwantar da shi kwanaki, in ya dawo an wuce shi. Yarinya tana talla har magariba. Wani yaron ba ya ganin allo sosai, shekara uku ana kiransa daƙiƙi, alhali tabarau yake buƙata. Da dare babu wuta, ɗaki ɗaya mutum takwas.

Ƙasashen da suka gane haka sun fara gyara daga tukunya. Amurka ta yi dokar ciyar da ɗalibai a 1946. Finland tana ba kowane ɗalibi abincin rana kyauta tun 1948. Nijeriya ma ta ƙaddamar da shirin ciyar da 'yan firamare na tarayya a 2016.

2. Matsakaicin maki da abin da yake ɓoyewa

Sau da yawa za ku ji a rediyo an ce makarantun ƙasa kaza sun lalace, ko jiha kaza ta zo ta ƙarshe. Irin wannan labari a kan matsakaici ake gina shi, saboda haka ya kamata mu san yadda ake fitar da shi.

> Akwatin ma'ana
> Matsakaicin maki: a tara makin duk ɗalibai, a raba da yawansu. Abin da ya fito shi ne matsakaici.

Misali na 1. Mu ƙaddara yara biyar sun yi jarrabawa, sun samu 80, 75, 70, 30 da 25.

Tarawa: 80 + 75 + 70 + 30 + 25 = 280
Rabawa: 280 ÷ 5 = 56

Matsakaicinsu 56 ne. To amma ku duba, a cikinsu babu wanda ya samu 56, babu ma wanda ya yi kusa da shi. Uku suna ƙoƙari sosai, biyu suna neman ceto. Wanda ya kalli 56 kawai zai ce duk ajin tsaka-tsaki ne, ya kawo magani ɗaya ga kowa, maganin kuma ba zai dace da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Haka ta faru a zahiri. Akwai wata jarrabawar ƙasa da ƙasa mai suna PISA, wadda ƙungiyar OECD ke shirya wa 'yan shekara 15 tun daga 2000. A ta 2009, matsakaicin Amurka a karatu ya kasance 500, aka yi ta kuka cewa makarantun ƙasar sun koma baya. Da aka rarraba makarantun bisa yawan yaran da suka cancanci abinci kyauta ko mai rangwame, wanda shi ne ma'aunin talauci a can, sai hoton ya canza. Makarantun da irin waɗannan yara ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba sun samu 551, makin da ke sahun gaba a duniya. Waɗanda yaran suka kai kashi 75 ko fiye sun samu 446. Ƙasa ɗaya ce, amma tazarar maki 105 ce, kuma ta bi sawun talauci.

3. Laburare

Kawar da talauci aiki ne mai tsawo, yaron da ke aji uku kuwa ba zai jira ba. Shi ya sa masana suka nemi abin da za a iya yi yau, da kuɗi kaɗan, wanda zai rage wa talauci kaifi. Ɗaya daga cikin amsoshin da suka fi samun hujja ita ce littafi.

> Akwatin ma'ana
> Laburare (ɗakin karatu): wurin da ake tara littattafai domin mutane su karanta ko su ara su dawo da su. Yana iya zama babban gini, yana iya zama akwati ɗaya a kusurwar aji.
> Karatun ra'ayi: karatun da mutum ya zaɓa da kansa don yana jin daɗinsa, ba don za a tambaye shi ba.

Karatu sana'a ce irin ta hannu. Tela ba ya ƙwarewa da jin bayanin keke, sai ya taka shi dubban sau. Malami yana koya wa yaro baƙaƙe da wasula da yadda ake haɗa su, amma saurin karatu, yawan kalmomi da iya tsara jimla, yawancinsu a cikin karatun ra'ayi ake tsintar su. Yaron da ba shi da abin karantawa kamar ɗan koyon ɗinki ne da ba shi da ƙyalle.

Rabon littafi kuwa ba daidai yake ba. A 2001 Susan Neuman da Donna Celano sun wallafa binciken da suka yi a unguwanni huɗu na birnin Filadelfiya, inda suka bi shago-shago suna ƙirga littattafan yara da ake sayarwa. A wata unguwar masu hali sun tarar da kimanin littafi 13 ga kowane yaro. A wata unguwar talakawa kuwa, littafi ɗaya ga yara kimanin 300. Wannan a ƙasa mai arziki ke nan.

Inda rashin ya fi ciwo shi ne lokacin hutu. A birnin Baltimo, Karl Alexander da Doris Entwisle sun fara bin diddigin yara kusan 800 tun daga ajin farko a 1982. Sun ga cewa a lokacin da makaranta ke buɗe, ɗan talaka da ɗan mai hali suna ci gaba kusan kafaɗa da kafaɗa. A dogon hutu ne suke rabuwa: ɗaya yana ci gaba da karatu a gida, ɗaya ya tsaya cik. Daga baya wasu masana sun ce tazarar hutun ba ta kai girman da aka fara ƙiyastawa ba. Duk da haka, da aka gwada magani an ga amfani. Richard Allington da Anne McGill-Franzen sun ba yaran makarantun talakawa a jihar Fulorida damar zaɓen littafi 12 kowannensu, kyauta, a bakin dogon hutu, shekara uku a jere. Babu darasi, babu tilas. A sakamakon da aka wallafa a 2010, waɗannan yara sun fi takwarorinsu da ba a ba su ba ƙoƙari a jarrabawar karatu ta jihar.

Misali na 2. Mu ƙaddara dogon hutu sati 6 ne, yarinya kuma tana karanta labari minti 20 kullum.

Kwanaki: 6 × 7 = 42
Mintoci: 42 × 20 = 840
Awoyi: 840 ÷ 60 = 14

A hutu ɗaya ta yi awa 14 tana karatu. A shekara shida na firamare, 14 × 6 = awa 84. Ƙawarta da ba ta da littafi ta tashi da sifiri. Ranar jarrabawa za a ce ɗaya ta fi ɗaya kai, alhali awa 84 ce a tsakaninsu.

Misalin da ya fi kama da halin yaranmu ya fito ne daga tsibiran Fiji. A can ma yara suna magana da harshensu a gida, a makaranta kuma su haɗu da Turanci. A 1980 Warwick Elley da Francis Mangubhai sun zuba littattafan labari masu hotuna, kimanin 250 a kowane aji, a wasu makarantun ƙauye, aka ware ɗan lokaci kullum don karanta su. Bayan wata takwas, ci gaban waɗannan yara a fahimtar karatu ya kai kusan ninki biyu na abin da aka saba gani. Haka kuma Stephen Krashen da abokan aikinsa, a nazarin da suka wallafa a 2012 kan sakamakon jarrabawar PIRLS ta 'yan shekara 10 a ƙasashe kusan 40, sun ga talauci ne ya fi komai jan maki ƙasa, amma samun laburaren makaranta mai littafi 500 ko fiye yana tafiya da ƙaruwar maki mai ƙarfin da ya kusa kamo na talaucin.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma wanda ya manta da shi zai yi asarar kuɗinsa. A shekarun 1990 an raba littattafan darasi a makarantun karkara na yammacin Kenya. Michael Kremer, wanda ya samu kyautar Nobel a 2019, da abokan aikinsa suka auna sakamakon. Yaran da dama can suke kan gaba su kaɗai suka ƙaru. Sauran ba su motsa ba, domin littattafan da Turanci aka rubuta su, Turancin kuma ya fi ƙarfinsu. Littafin da yaro ba ya iya karantawa, ko an ba shi, bai samu ba.

Saboda wannan nake ganin kuskure ne iyaye su raina littafin Hausa, su ce sai na Turanci ne karatu. Yaron da bakinsa ya saba da gudu a kan labarin Hausa ya riga ya mallaki sana'ar karatu, zai ɗauke ta ya shiga da ita Turanci. Dattawa da yawa za su gaya muku cewa a *Magana Jari Ce* na Abubakar Imam karatunsu ya nuna. Matan aure nawa ne kuma suka ƙware a karatu ta hanyar littattafan da suke karɓa haya a shagunan Kano? Shagon hayar littafi ma laburare ne, ko da ba a kira shi da sunan ba. Abin da ya rage shi ne babba ya duba abin da ya dace da shekarun yaro.

Misali na 3: adashin littafi. Mu ƙaddara gida 20 a unguwa sun yi shawara kowane gida zai sayi littafin yara ɗaya a kowane zango, a zuba a akwati guda a hannun mutum ɗaya mai amana, kamar uwar adashi.

A zango ɗaya: 20 × 1 = littafi 20
A shekara mai zango uku: 20 × 3 = littafi 60

Kowane gida littafi 3 ya saya, amma yaransa suna da 60 da za su zaɓa. Ko da 10 sun yage ko sun ɓata, saura 50. A tanadi littafin rubutu da za a riƙa sa sunan mai aro da ranar dawowa. A kuma yi shawara kafin saye, don kada gida biyar su sayo iri ɗaya. In littafi ya yage a hannun yaro, a manne shi, kada a yi masa faɗan da zai sa ya ji tsoron sake ara.

4. Jarrabawa

Jarrabawa mudu ce. Mai hatsi yana buƙatar mudu don ya san abin da ke cikin buhunsa, amma ko ya auna sau goma a yini, ƙwaya ɗaya ba za ta ƙaru ba.

> Akwatin ma'ana
> Jarrabawar gano rauni: gajeren gwaji da malami ko iyaye ke yi don su san inda yaro ya tsaya, su taimake shi.
> Jarrabawar bai-ɗaya: wadda ake yi wa ɗalibai masu yawa da tambayoyi iri ɗaya da tsarin maki ɗaya, kamar WAEC, NECO da JAMB.
> Jarrabawa mai hukunci: wadda sakamakonta ke jawo lada ko horo mai nauyi ga ɗalibi, malami ko makaranta.

A watan Janairun 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a wata doka da sunanta ke nufin kada a bar wani yaro a baya. Dokar ta wajabta jarrabawar karatu da lissafi kowace shekara daga aji 3 zuwa aji 8, da sau ɗaya a babbar sakandare. Ta sa burin cewa zuwa 2014 kowane yaro zai kai matakin ƙwarewa. Makarantar da ta yi ta gazawa za a iya sauya ma'aikatanta ko a sake mata tsari gaba ɗaya. Niyyar tana da kyau, kuma dokar ta yi wani amfani na gaske: ta tilasta a riƙa fitar da sakamakon yaran talakawa daban, ba a ɓoye su a cikin matsakaici ba. An kuma ga ɗan ci gaba a lissafin ƙananan azuzuwa.

Amma 2014 ta zo ba a kai ga burin ba, ko kusa. A karatu ba a ga wani canjin kirki da za a jingina wa dokar ba. Makarantu da yawa sun rage lokacin tarihi, kimiyya da zane don a samu damar bitar tambayoyin jarrabawa, abin kuma ya fi tsanani a makarantun talakawa, tunda su ne wuƙar ke wuyansu. Wani bincike na 2015 a manyan biranen ƙasar ya ƙirga cewa yaro yana zama jarrabawar bai-ɗaya ta dole kimanin 112 daga rainon yara zuwa ƙarshen sakandare. A birnin Atlanta abin ya kai ga ha'inci: rahoton binciken jiha na 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44, waɗanda wasunsu ke goge amsoshin yara suna gyarawa. A 2015 kotu ta samu 11 da laifi. Waɗanda aka fi cuta su ne yaran, domin takarda ta nuna sun iya, sai aka hana su taimakon da suke buƙata. A ƙarshen 2015 aka maye gurbin dokar da wata, wadda ta bar jarrabawar shekara-shekara amma ta mayar wa jihohi ikon yanke abin da za a yi da sakamakon.

Wannan ba baƙon labari ba ne a kunnenmu. Duk inda takarda ta fi ilimi daraja, satar amsa za ta samu kasuwa, kuma uban da ya biya kuɗi aka rubuta wa ɗansa jarrabawa ya sayo masa wahalar da za ta jira shi a gaba.

Ba cewa ake a daina jarrabawa ba. Wadda ta fi amfani ga ƙaramin yaro ita ce ta gano rauni, ba ta cin kuɗi, kuma duk wanda ya kai wannan darasi zai iya yin ta a gida.

Misali na 4. Uwa ta ba ɗanta wani ɗan labari da bai taɓa gani ba, ta ce, "Karanta mini a bayyane, kada ka yi sauri." Ta duba agogon waya, minti ɗaya. Ya karanta kalma 48, ya yi kuskure a 6.

48 − 6 = kalma 42 daidai

Ta lura yawancin kuskuren a kalmomi masu ƙ da ɗ ne, sai suka riƙa bitarsu, yana kuma karanta labarin da ya zaɓa kullum bayan la'asar. Bayan wata guda ta sake gwadawa da wani labarin mai kama da na farko. Ya karanta 57, kuskure 4.

57 − 4 = 53
53 − 42 = ƙarin kalma 11

Ba ta gwada shi da ɗan maƙwabta ba, da kansa na watan jiya ta gwada shi. Minti biyu gwajin ya ci a wata, sauran lokacin duk na karatu ne.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambancin nasarar karatu da maki?
2. Me rahoton Coleman na 1966 ya gano? Me ya sa kuskure ne a fassara shi da cewa ɗan talaka ba shi da basira?
3. Kawo hanyoyi huɗu da talauci ke bi ya taɓa karatun yaro. Wacce ka fi gani a unguwarku?
4. Yara shida sun samu 90, 85, 60, 40, 35 da 20. Fitar da matsakaicinsu. Yara nawa ne suke ƙasa da shi?
5. A jarrabawar PISA ta 2009, me aka gani da aka rarraba makarantun Amurka bisa talauci?
6. An kai littattafai Fiji, an kai Kenya. Me ya sa sakamakon ya bambanta?
7. Yaro yana karatu minti 15 kullum har kwana 40. Awa nawa ya yi?
8. Gida 25 sun shiga adashin littafi, kowane gida littafi 2 a zango. Littafi nawa za su tara a shekara mai zango uku?
9. Faɗi amfani ɗaya da illa biyu na dokar jarrabawa ta 2002 a Amurka. Wa aka fi cuta a abin da ya faru a Atlanta?
10. Aikin gida: ka ƙirga littattafan da ke gidanku waɗanda yaro ɗan aji uku zai iya karantawa shi kaɗai. Sannan ka yi wa yaro ɗaya gwajin minti ɗaya, ka rubuta adadin kalmomin da ya karanta daidai da irin kuskuren da ya fi yi, ka zo da shi aji mako mai zuwa.